Gari ya ɗauka cewa ciyaman ya ci kuɗi: in buga ko in dakata?

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashin ɗan jarida ne, ina aika wa wata tashar FM rahoto daga ƙaramar hukumarmu, ina kuma da shafin labarai a Facebook. An kwana biyu gari ya ɗauka cewa ciyaman ɗinmu da ma'aji sun cinye kuɗin gyaran asibitocin ƙauyuka. A majalisa, a tasha, a WhatsApp, maganar ke nan. Wani ma'aikacin sakatariya ya rantse mini cewa gaskiya ne, amma ya ce kada in kuskura in ambaci sunansa, kuma bai ba ni takarda ko ɗaya ba. Mutane har sun fara cewa an saye ni, shi ya sa na yi gum. In na rubuta 'ana zargin' na buga, na saɓa ƙa'idar aiki? Ai ruwa ba ya tsami banza."

Wa alaikumus salam, ƙanena. In na fahimce ka, abin da ke hannunka shi ne maganar da ta cika gari, da rantsuwar mutum ɗaya a bayan fage, sai kuma gorin da ake yi maka. Kana so ka san ko wannan ya isa ka kira sunan mutum a rediyo ka haɗa shi da sata. Bai isa ba. Amma kada ka ɗauka na ce ka naɗe hannu. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa 'yan jarida nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, don haka in ka ji an ci kuɗin asibiti ka kau da kai, kai ma ka ci amanar aikin. Raɗe-raɗin da ka ji ya wajabta maka bincike. Abin da binciken ya tabbatar shi za ka buga.

Ka fara sanin hanyar da kuɗin ke bi

Yawancin masu ba da labarin an ci kuɗi a ƙaramar hukuma ba su san yadda kuɗin ke shigowa ba, kuma daga nan kuskure ke farawa. Ƙananan hukumomi 774 na Najeriya suna da kashi 20.60 cikin ɗari na abin da ake rabawa daga Asusun Tarayya, wanda kwamitin rabon kuɗin tarayya, wato FAAC, ke zama a kansa duk wata. Sai dai sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumominta, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. A can ake cire albashin malaman firamare, da fansho, da kason masarautu, da kuɗin ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa, kafin ragowar ta iso sakatariya. A 2019 hukumar NFIU mai sa ido kan hada-hadar kuɗi ta fitar da ƙa'idar hana cire tsabar kuɗi sama da Naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma, gwamnoni suka yi mata ca. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Abin da ya sa na kawo maka wannan shi ne, ji-ta-ji-ta takan sauka a kan wanda jama'a ke gani da ido. Ciyaman ne ke wucewa da jiniya, shi ya sake gini, shi ya ƙara aure, saboda haka duk abin da ya ɓace shi ya ci. Wani lokaci haka ɗin ne. Wani lokaci kuma sa hannu kawai aka kira shi ya yi a babban birnin jiha.

Na taɓa tura wani wakilinmu kan magana irin taka sak, ta gyaran ɗakin shan magani a wani ƙauye. Ya je ya tarar iska ta yaye rabin kwano, jemagu sun cika silin, ma'aikaciyar lafiya tana duba masu awon ciki a ƙarƙashin darbejiya, kwalin allurar rigakafi a gefen tabarma. Ba a yi aiki ba, wannan babu tantama. Da muka bi takardu sai muka ga daga ma'aikatar jiha aka ba da kwangilar, an kuma cire kuɗin tun daga asusun haɗin gwiwa, ko ƙyallinsu ma'ajin ƙaramar hukumar bai gani ba. Ruwan ya yi tsami da gaske, amma wanda gari ke nunawa da yatsa ba shi ya tsamar da shi ba. Da mun buga abin da ake faɗa a tasha, da mun tozarta mutum ɗaya, mun kuma rufa wa ainihin masu laifin asiri.

"Ana zargin" ba ta wanke ka

Wannan ita ce zuciyar tambayarka. Matasa da yawa sun ɗauka in suka maƙala "ana zargin" ko "rahotanni na cewa" a gaban jimla, shi ke nan sun fita. A shari'ar ɓata suna, wanda ya maimaita ƙazafi ga jama'a ya yaɗa shi, kuma cewa "ni ma ji na yi" ba ta zama kariya. A jihohin Arewa, sashe na 391 na dokar Penal Code ya fayyace ɓata suna, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai wa shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Ga kuma ƙarar neman diyya. Shafinka na Facebook kuma ya jefa ka ƙarƙashin sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015. An yi wa sashen gyara a 2024 bayan dogon ƙorafi, amma ba a daina kama 'yan jarida da sunansa ba. Ina adawa da yadda masu mulki ke amfani da waɗannan dokoki wajen toshe bakin mutane, kuma na san an kama waɗanda gaskiya suka rubuta. Ɗan jarida Agba Jalingo ya shafe watanni a tsare daga 2019 bayan ya yi rubutu yana tambayar inda Naira miliyan 500 na wani bankin jihar Kuros Riba suka shiga. To in mai tambaya ya sha wannan, ina ga wanda ya shiga kotu ba shi da komai sai "haka ake faɗa a gari"?

Amma ba tsoron kotu nake so ya hana ka ba. Kundin ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da shi a Ilorin a 1998 ya ɗora mana tabbatar da sahihancin labari, da adalci, da bai wa wanda aka ambata damar kare kansa. Kafin Ilorin ma mun taso da ayar Suratul Hujurat da ta umarce mu da neman tabbaci in an zo mana da labari, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama.

Duk sanda ka rubuta "ana zargin", ka tambayi kanka: wa ke zargin, kuma a ina ya yi shi? In kansiloli sun zauna sun dakatar da ciyaman, wannan abu ne da ya faru, ka ba da labarinsa. In wata ƙungiya ta kai takardar ƙorafi EFCC ko ICPC, da sa hannu da hatimin karɓa, ka ga kwafin da idonka, wannan ma labari ne, muddin ka ji ta bakin wanda ake ƙara. Haka in rahoton Babban Mai Binciken Kuɗin Ƙananan Hukumomi na jiha ya nuna an fitar da kuɗi babu baucan da ke bayaninsu. Ka tuna abin da ya faru a Kano a Agustan 2024, lokacin da Bello Galadanci, wanda aka fi sani da Ɗan Bello a kafafen sada zumunta, ya taso da batun kwangilar magunguna ta ƙananan hukumomi 44. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ce bai san da ita ba, ya umarci hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jihar ta bincika, hukumar ta gayyaci jami'ai. Daga wannan lokacin kowane ɗan jarida na da abin rubutawa, domin ga umarnin gwamna, ga matakin hukuma, ga sunayen masu magana. Duk da haka gayyata ba hukunci ba ce, kuma wanda ya rubuta "an kama ɓarayin magani" ya wuce gona da iri. Kai kuwa a yanzu, in aka tambaye ka wa ke zargin, amsarka "mutane" ce. Ba za ka iya kai "mutane" gaban alƙali ba, ba za ka iya kai su gaban editanka ba.

Ka kuma dubi ƙanƙantar wurin. A ƙaramar hukuma kowa ya san gidan ma'aji, ya san makarantar da 'ya'yansa ke zuwa, ya san sahun da yake tsayawa a masallaci. Na ga an fasa neman auren yarinya saboda abin da aka faɗa kan mahaifinta a rediyo. In daga baya ta bayyana ba haka ba ne, gyaran da za ka karanta a ƙarshen labarai ba zai kai inda ƙazafin ya kai ba. Magana zarar bunu ce.

Akwai wata illar da ta fi damuna, wadda masu gaggawa ba sa lura da ita. Labarin da bai nuna ba, ɓarawo yake taimaka wa. Ka ce an ci miliyan ɗari alhali sittin ne, ko ka ce asibiti goma alhali an ɗan shafa wa uku fenti, sai ya kira taron manema labarai ya kai su ukun nan, ya ce ga ƙaryar 'yan adawa. Daga ranar duk wanda ya sake ɗaga maganar za a ce tsohon zance ne da aka riga aka ƙaryata. Kafin nan kuma ka sanar da shi cewa ana bibiya, sai fayil ya yi ɓatan dabo, a cike baucoci da kwanan watan baya, a tura ɗan kwangila ya zuba yashi da bulo a gaban asibiti, a yi wa akawun da ake zargi da tsegumi canjin wurin aiki zuwa ƙauyen da ya fi nisa.

Mutumin da ya rantse maka

Rantsuwa tana nuna mutum ya yarda da abin da yake faɗa. Ba ta nuna ya gani. Ka koma wurinsa cikin natsuwa ka tambaye shi: da idonka ka ga takardar, ko kai ma ji ka yi? A wane wata aka fitar da kuɗin? Da sunan wane kamfani? Wa ya sa hannu? Wanda abu ya bi ta teburinsa zai ba ka amsar biyu ko uku nan take. Wanda ya tsinta a baranda zai ce maka "ai kowa ya sani".

Sannan ka tambayi kanka me zai samu. Wannan ba raina shi ba ne. Mafi yawan manyan bayanan da na samu a aikin nan daga masu jin haushi suka fito: wanda aka hana ƙarin girma, wanda aka yi rabo babu shi, ɗan kwangilar da aka ƙi biya. Jin haushi ba ya mai da gaskiya ƙarya, sai dai yana sa mutum ya ba ka rabin da ya yi masa daɗi. Kakar siyasa kuma ta fi kowane lokaci haɗari, don a lokacin ne sojojin baka ke neman wanda zai ɗora musu magana a kafar da ake girmamawa, gobe su shiga rediyo su ce "ba mu muka faɗa ba, jarida ce ta buga".

Ko takarda ma sai an tantance. An taɓa kawo mini kwafin bauca a cikin ambulan ana dab da zaɓen fid da gwani, da hatimi da komai, adadin kuɗin har an ja masa layi da jan biro don kada in tsallake. Da muka duba sa hannun, na ma'ajin da aka ɗauke daga wannan ƙaramar hukumar ne watanni kafin ranar da ke jikin takardar. Wani ya ɗauki tsohuwar bauca ya sauya kwanan wata da adadi ya sake buga hotonta. Abin da ya tona ta tambaya ɗaya ce da muka yi wa wani tsohon ma'aikaci: wa ke riƙe da baitulmali a wannan watan?

Ka nemi majiya ta biyu wadda ba ta san ta farko ba. Mutum biyu da suka ji a majalisa ɗaya, majiya ɗaya ce. Kuma tunda ka yi alkawarin sakaya sunansa, ka riƙe ko da za a tsare ka, amma ka gane cewa ɓoye suna kaɗai ba ya isa. A sashen kuɗi na sakatariya mutanen da bauca ke bi ta hannunsu ba su da yawa. In ka wallafa hoton takarda da teburin da aka ɗauke ta a kai, ko ka ce "wani babban jami'i a sashen kuɗi", ka nuna shi ke nan. Editanka kaɗai ya kamata ya san ko wane ne.

Abin da za ka iya farawa da shi gobe

Sa'arka ɗaya, zargin naka na abin da ake gani da ido ne. Hau babur ka zaga asibitocin. Ka ɗauki hoto da bidiyo, ka rubuta rana da sunan ƙauye. Ka zauna da mai kula da asibitin, da dagaci ko mai unguwa, da matan da ke zuwa awo, ka tambaye su yaushe rabon da a yi gyara, wa ya zo, me ya kawo. In akwai allon kwangila, ka ɗauki sunan kamfanin, ka duba shi a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ka ga ko yana da rajista da kuma yaushe aka yi ta. Kamfanin da aka yi wa rajista ana saura kwanaki a ba shi aiki abin tambaya ne.

Daga nan ka nemi kasafin kuɗin ƙaramar hukumar na shekarar, ka ga ko an ware wa aikin kuɗi da nawa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na wallafa abin da kowace ƙaramar hukuma ta samu daga FAAC wata-wata, kuma ƙungiyar BudgIT da shirinta na Tracka sun daɗe suna bibiyar ayyuka irin waɗannan. Ka rubuta wasiƙa ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, ka nemi takardar ba da kwangilar da bayanin abin da aka biya. Jihohi sun daɗe suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta shafe su ba, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta yanke cewa ta shafe su. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a ɗaya. Da wuya su amsa, na sani. Amma ƙin amsawar ma abin bugawa ne, kuma hatimin nan shi ne shaidarka.

Sai ka je wa ciyaman da ma'aji da tambayoyi a rubuce, ƙarara, ka ba su lokacin da mai hankali zai ce ya isa. Kiran waya ɗaya da daddare sannan a rubuta "duk ƙoƙarin jin ta bakinsa ya ci tura" yaudarar mai sauraro ce. In sun amsa, ka sa amsarsu yadda suka ba da ita, a wurin da za a ji, ko da ba ta gamsar da kai ba.

Yanzu duba abin da ka tara. Asibitin ƙauye kaza babu rufi, ga hoto. Kasafin bana ya nuna an ware masa kuɗi kaza. Mai kula da wurin ya ce ba wanda ya zo. An rubuta wa ciyaman ranar kaza, bai amsa ba. Babu kalmar sata a ciki, babu jimlar da za a iya ƙaryatawa, kuma duk mai sauraro zai yi tambayar da kake so a yi. Irin wannan rahoton ne ke sa hukumar bincike ta motsa, domin ka ba ta bakin zaren. In daga baya takardar biya ta shigo hannunka, sai ka ɗora na biyu a kan na farko.

Akwai lokacin da raɗe-raɗin kansa ke zama labari, misali in matasa sun tare ƙofar sakatariya saboda shi. A nan ba za ka yi kamar ba ka gani ba. Ka faɗi cewa an yi zanga-zanga, ka faɗi abin da masu yin ta ke nema da bakin wanda ya yarda a ambace shi, ka bayyana a fili cewa ba a gabatar da wata shaida ba tukuna, ka ji ta bakin hukuma. Ka kiyaye harshenka sosai a irin wannan rana, don kalma ɗaya a rediyo na iya sa a cinna wa gidan wani wuta.

Batun an saye ka

Gorin nan yana da zafi, kuma yana da tushe, domin jama'a sun ga abin da wasunmu ke yi. Akwai masu ɗaukar ji-ta-ji-ta su kai wa ciyaman su ce "ga abin da za mu buga", a ba su na goro su yi shiru. Wannan ƙwace ne da katin aikin jarida, kuma su ne suka jawo maka zargin da kake sha. Kada ka karɓi ko kuɗin mai daga ciyaman yayin da kake bincikensa, kada kuma ka karɓa daga abokan hamayyarsa, don wanda ya biya a buga daidai yake da wanda ya biya a danne. Masu gorin kuma ka ce musu kana kan aiki, duk mai takarda ko shaida ya kawo. Za ka ga yadda masu "kowa ya sani" ke raguwa, wani lokaci kuma a cikinsu ne mai shaidar gaske zai biyo ka a keɓe.

Iyakar shawarata

Daga inda nake ba zan iya ce maka ciyaman ɗinku ya ci ko bai ci ba, kuma ni ba lauya ba ne. Kafin ka saki duk rahoton da ya ambaci suna, editanka ya karanta, in da hali lauya ma ya duba. Dole kuma in gaya maka cewa bin wannan hanya na nufin wasu labaran gaskiya ba za su taɓa fita ba, saboda an ƙona takardar ko mai shaida ya ji tsoro. Wannan asara ce ta gaske, kuma takan hana ni barci, amma na gwammace ta da in ɗora wa mutum sata a kan zato.

Hujja kuma ba ta hana a taso maka. Jaafar Jaafar na jaridar Daily Nigerian bidiyo ya fitar a Oktoban 2018 kan zargin gwamnan Kano na lokacin, Abdullahi Ganduje, da karɓar daloli, zargin da Ganduje ya musanta. Ya bayyana gaban kwamitin majalisar dokokin jihar, an maka shi a kotu, daga baya a 2021 ya bar ƙasar saboda fargabar tsaronsa. Kai kuma a garin kake kwana, kowa ya san ƙofar gidanku. In binciken ya kai inda ka ga ya fi ƙarfinka, ka haɗa kai da babbar kafa mai lauyoyi a buga tare, ko a buga babu sunanka, ka kuma sanar da reshen ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ na jiharku. Kwafin hotuna da wasiƙu da muryoyin da ka naɗa su kasance a wurin editanka tun kafin rahoton ya fita, kada su tsaya a wayarka kaɗai.